Hukuncin Gina Bangon Sunayen Sojojin da Yaƙi Ya Ci

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tsohon soja ne, na yi ritaya ina saje, ina zaune a Kawo, Kaduna. Na je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, ƙannenmu kuma sun yi Arewa maso Gabas. Mu 'yan mazan jiya na unguwarmu mun yi karo-karo za mu gina bango a filin ƙungiyarmu, mu rubuta sunayen abokanmu da ba su dawo ba, Musulmi da Kirista, har da waɗanda ba a ga gawarsu ba. A sama za a rubuta "Shahidanmu". Wasu na so a kafa mutum-mutumin soja, a riƙa ajiye furanni da yin shiru na minti ɗaya duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Nufinmu yaran da ke ɗokin bindiga su ga abin da yaƙi ke ci. Wani malami ya ce gumakan mutanen Annabi Nuhu za mu farfaɗo. Ni dai har yau barci ba ya zuwa mini sosai. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Baba Saje, Allah ya ba ka lafiya, ya jiƙan Musulmin da suka riga mu.

Abin da na fara dubawa a wasiƙarka shi ne filin. Ka ce filin ƙungiya ne, wato ba a binne kowa a wurin ba. A kan wannan hukuncin ya rataya. Bangon da ke ɗauke da sunaye, ba kabari a ƙarƙashinsa, ba siffar mai rai, ba ibadar da aka keɓe masa, ya halatta. Da a maƙabarta za ku gina shi, da amsata ta sauya.

Mutum-mutumi kam a'a. Cikakkiyar siffar mutum mai inuwa haramun ce, malamai ba su saɓa ba. In masu wannan ra'ayi sun matsa, a sassaƙa hular kwano da takalmin soja. Ba su da rai, kuma takalmin da babu ƙafa a cikinsa ya fi soja a tsaye faɗar abin da kuke son faɗa. Furanni da shirun minti ɗaya al'adar wasu ce, ba abin da suke kai wa mamaci. Ku musanya su da addu'a da sadaka.

Sai maganar malamin da ya tsorata ku. Tsoronsa yana da asali, amma ƙiyasinsa bai zauna ba. Abin da Buhari ya kawo daga Ibnu Abbas shi ne Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru salihan bayi ne daga mutanen Annabi Nuhu. Da suka mutu, Shaiɗan ya sa mutanensu suka kakkafa abubuwa a majalisunsu, suka kira kowanne da sunan mai shi, sai da ilimi ya gushe aka bauta musu. A lura da kyau. Kowane salihi an yi masa nasa, yana tsaye a madadinsa a inda ya saba zama, masu sharhi kuma sun ce da siffarsa aka yi. Sannan mutane ne da ake kyautata zaton suna da fada a wurin Allah. Wa zai je neman tabarraki wurin jerin sunayen kofur da farabiti, Musa a sama, Bitrus a ƙasa? Ku asara kuke nunawa, su girmamawa suka nufa.

In ya koma kan hadisin Jabir da ya hana gini a kan kabari, da ƙarin hana rubutu da ya zo a wurin Tirmizi, to wannan hukuncin kabari ne, ku kuwa ba ku da kabari. Ko a kabarin ma, mazhabarmu ta Malikiyya karhanci ta ce, sai an nufi alfahari yake zama haram. In kuma ya ce toshe ƙofar ɓarna ne, wannan ƙa'ida tamu ce, mun san iyakarta: ana toshe ƙofar da galibi take kaiwa ga ɓarna, shi ya sa ba wanda ya hana noman inabi don tsoron giya. Adana sunayen mutanen yaƙi kuwa aikin magabata ne. Malaman sira sun jero mutum 14 da suka yi shahada a Badar da kusan 70 na Uhudu, kowa da dangi da ƙabila, Buhari ma ya ware babi ya jera mutanen Badar bisa tsarin haruffa. Sauya takarda da siminti ba ya mai da rajista gunki. Abin da na yarda da shi a maganarsa ɗaya ne: kada a yi wa kowane mamaci nasa dutse daban, kuma ranar da aka ga mutane sun fara shafar bangon suna shafa fuska, ko ɗaura ƙyalle, ko kunna turare, rushe shi ya wajaba. Ku rubuta wannan sharaɗi a kundin ƙungiya tun yanzu, don ba ku za ku dawwama a kan kujerun ba.

Kalmar "Shahidanmu" ita ce ba zan sa muku hannu a kai ba. Ranar Haibara sahabbai suna cewa wane shahidi, wane shahidi, har suka zo kan wani, Annabi (SAW) ya ce a'a, ya gan shi a wuta saboda mayafin da ya ɗauke daga ganima. Muna fata wa Musulmin da ya faɗi yana kare rayukan jama'a shahada, amma fata daban, yanke hukunci a kan marmara daban. Ku rubuta "Waɗanda ba su dawo ba". Da wannan an warware batun abokanku Kirista. Sa sunayensu ba laifi, Annabi (SAW) ya miƙe wa gawar Bayahude ya ce ashe ba rai ba ce. Nema musu gafara ne aya ta 113 a Suratut Tauba ta hana, don haka kada a rubuta "Allah ya jiƙansu" a kan jerin gaba ɗaya; ranar taro kowane ɓangare ya yi addu'arsa. Kada kuma a sa ayar Alƙur'ani a bangon da ke waje. Damina za ta doke shi, awaki za su goga jiki, lokacin siyasa a manna fosta a kai.

Ga abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi bangon hatsari: waɗanda suka ɓace. Mutum ba ya zama mamaci a shari'a don 'yan bataliyarsu sun daina ganinsa. A fiƙihun Malikiyya wanda ya ɓace a garin Musulmi matarsa takan jira shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara aka yi cigiya, wanda ya ɓace a fagen fama da waɗanda ba Musulmi ba shekara 1 bayan bincike, wanda ya ɓace a faɗa tsakanin Musulmi kuwa takan shiga takaba bayan rundunonin sun rabu. Alƙali ne ke tantance wane hali ake ciki, ba ƙungiya ba. In kuka sassaƙa sunansa cikin matattu, gobe dangi su kafa hujja da bangonku su raba gado, ko a aurar da matarsa. Ku ware musu gefe, a rubuta "Ba a san makomarsu ba", kuma kada suna ya hau bango sai iyalinsa sun yarda.

A wajen aikin, haruffa su zama girma ɗaya, a jera ba bisa muƙami ba, kada manjo ya fi farabiti girman rubutu, nan ne alfaharin da ke haramta abin yake shigowa. Suna, gari, shekara, inda ya faɗi, ya isa. Kada bangon ya kasance ta alƙiblar inda kuke sallah. Ku kuma bar layi ɗaya don fararen hula. Yaƙin basasar da ranar 15 ga Janairu take tuna ƙarewarsa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, mafi yawan waɗanda ya ci ba sojoji ba ne, yunwa ce ta kwashe su, yara a gaba.

Kuɗin zakka ba ya shiga bulo da siminti. Shawarata, ba hukunci ba: in kun tara naira goma, bango kada ya ci fiye da biyu. Sauran a biya wa marayu kuɗin makaranta, a sauya wa wanda ƙafar robarsa ta tsage, a biya kuɗin mota ga matar da ke bin takardun fanshon mijinta. Mai ɗawainiya da matar da miji ya mutu ya bari da miskini kamar mai jihadi ne, haka ya tabbata a Buhari da Muslim.

Jan kunnen samari game da yaƙi ba ragwanci ba ne. Annabi (SAW) da kansa ya ce kada ku yi burin haɗuwa da abokan gaba, ku roƙi Allah lafiya. Sai dai ka kiyaye harshe ranar taro. Kada ka ce "sun mutu a banza" alhali ɗan mamacin yana zaune a benci na gaba, kuma akwai yaran da yanzu haka suke dajin Birnin Gwari suna tsare ƙauyuka. Tsaron nan wajibi ne.

Batun barcinka, Baba, ka ajiye shi a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba, bayan sama da shekara 30. Wannan ciwo ne da likitoci suka sani, ba raunin imani ba ne. Ka riƙe azkar ɗin kwanciya, ka kuma je asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ka faɗa musu yadda ka faɗa mini. In kuma akwai wani jini da ke damun zuciyarka tun Laberiya, wannan ba maganar shafin intanet ba ce, ka samu malamin da ka amince da shi ku zauna ku biyu, a duba ko tuba ce kaɗai ko akwai kaffara. Wallahu a'alam.