Ruwa ba ya tsami banza, amma me ya sa shi tsamin?

Wani ɗalibi daga unguwar Birni ya turo min saƙo yana cewa: "Malam, a fadarmu mun yi gardama kan zancen nan da ake yi wai da Sarki Tanimun zai gina ganuwar Damagaram sai da aka binne Alƙur'anai da 'yan mata a cikin ginin. Ni na ce tatsuniya ce, abokina ya ce ai ruwa ba ya tsami banza. Wa ke da gaskiya, kuma me sunan irin wannan labari?"

To ɗana, ku duka biyun kun ɗan kauce, amma bari in fara da kai.

Tatsuniya, ko gatana kamar yadda da yawanmu ke cewa a nan Nijar, ba ta taɓa neman a yarda da ita ba. Tun daga bakin ƙofa take faɗa maka ko ita wace ce, ga ta nan ga ta nanku, in an gama kuma a ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Ba yaron da ya taɓa tashi da safe ya tafi neman gidan Ƙoƙi. Wannan naku kuwa akwai sunan sarki na gaske a ciki, akwai wurin da za ka je ka dafa da hannunka, kuma mai ba ka labarin so yake ka gaskata shi, har ya ce kakarsa ce ta faɗa masa. Kalmar da ta fi kusa ita ce almara. Da ƙuruciyarta jita-jita ce, wato ji ta, ji ta, wannan ya ji ya miƙa wa wancan, sai in ta yi furfura ta kafu a gari sannan ta zama almara. Ka kuma lura da 'yar kalmar nan "wai" da kai kanka ka saka, aikinta ke nan, mai magana ya sauke kaya ba tare da ya ce nasa ne ba.

Sai abokinka. Karin maganar da ya kawo daidai take amma ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Cewa aka yi ruwa ba ya tsami banza, wato akwai dalili, ba a ce dalilin shi ne wanda aka faɗa maka a bakin shayi ba. Ana iya ce maka aljani ne ya sa baki a randar alhali ludayin fura ne wani ya tsoma. Wlh wannan karin maganar na cikin waɗanda aka fi zalunta, musamman yanzu a WhatsApp, kowace irin ƙarya aka turo sai wani ya rufe bakin mutane da ita.

To me ya sa ruwan ganuwa tsami? Ganuwar dai an yi ta, ragowarta na nan. Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ɗaga Damagaram har ana ƙera manyan bindigogi a garin, sarki ne da ake tsoro, kuma gini irin wannan ba ya tashi sai da guminsu talakawa da bayi masu yawa. Binne laya ko rubutu a harsashin gini don tsari kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, har gobe ana yi. Ka haɗa sarki mai kwarjini da aikin da ya ci ƙarfin jama'a da laya a cikin ƙasa, ka ba su shekara sama da ɗari suna yawo daga baki zuwa baki kowa na ƙara gishirinsa, ai dole laya ta girma. Shi ne Bahaushe ke cewa zance na da ƙamshin gaskiya, ƙamshi fa aka ce, ba naman ba. Tsarin kuma bai hana sojan Faransa shiga garin a 1899 ba, wannan ɓangaren masu labarin ba su cika kaiwa can ba.

Mu ma da muna yara an hana mu wanka a wani tafki bayan gari, wai akwai aljana mai jan ƙafa. Da na girma na gane wurin ramin ɗibar ƙasar gini ne, bakinsa iya gwiwa amma taku biyu sai ka rufta, ƙasansa kuma laka ce mai riƙe ƙafa, da damina yara sun sha nutsewa a ciki. Iyayenmu sun san in suka ce laka ba mai ji. Ni kam har yau in na bi ta wurin bayan magariba sai na ce wa ɗan kabu-kabu ya ƙara wuta.