Ƙarin garanti kan tsohuwar Camry: a biya ko a ajiye kuɗin?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana Birnin Kebbi, kana da Camry ƙirar 2008 mai silinda huɗu, 'yar Kwatano, mitarta ta wuce mil 170,000, kuma wani wakilin kamfani ya yi maka tayin garantin shekara ɗaya a kan inji da giyabos kan naira 300,000. Kana tambaya ko ka biya.

Shawarata kada ka biya, sai in takardarsu ta tsallake sharuɗɗan da zan faɗa maka, kuma da wuya ta tsallake. Ba wai duk mai sayar da irin wannan garanti macuci ba ne. Matsalar ita ce abin da ke kashe tsohuwar mota daban, abin da takardar ke ɗaukar nauyinsa daban.

Ka fara gane abin da ake sayar maka. Garantin Toyota na asali a Amurka shekara 3 ne ko mil 36,000, inji da giya kuma shekara 5 ko mil 60,000. Wannan ya ƙare tun motar ba ta hau jirgin ruwa ba. Abin da wakilin ya kawo maka ba ci gaban wancan ba ne, yarjejeniya ce kawai tsakaninka da wani kamfani, cewa in abu kaza ya lalace ta hanya kaza za su biya har zuwa kuɗi kaza. Duk maganar tana cikin waɗannan "kaza" ɗin uku. Kuma kada a haɗa maka shi da inshora. Ta dole ɗin nan da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar naira 15,000 daga Janairun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ita kuma babbar inshora haɗari da gobara da sata take kallo. Babu wadda ke biyan inji in ya buga don kansa.

A kusan kowace irin wannan takarda akwai layi biyu da ke cinye sauran. Na farko ya ce ba sa biyan abin da ya ƙare saboda tsufa da yawan aiki. Na biyu ya ce ba sa biyan matsalar da ke jikin mota tun kafin a sa hannu. To mota mai mil 170,000, wato sama da kilomita 270,000 in ma ba a juya mitar ba kafin ta iso, me zai lalace a jikinta wanda ba za a ce tsufa ba ne?

Injin motarka 2AZ-FE ne, mai lita 2.4. Sanannen ciwonsa a ƙirar 2007 zuwa 2009 shi ne shan baƙin mai. Ringin da ke share mai a jikin fistin yana toshewa da dauɗa, ramukan da mai ke komawa ƙasa su cushe, sai man ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Toyota da kanta ta amince da wannan a Amurka, ta ƙara wa'adin gyaran zuwa shekara 10 ko mil 150,000, kuma taka ta wuce duka biyun. Mai sayar da garanti ya san wannan ciwo fiye da kai. Ranar da mai ya yi ƙasa a hanya, metal ya cinye, inji ya fara ƙwanƙwasa, za a buɗe a ga ringi a maƙale, a ce maka tsohon ciwo ne, ko a ce sakacinka ne da ba ka duba geji ba. Ta kowace fuska kai ne za ka biya. Har kuɗin kwance injin don a gano dalili, a yawancin takardu, yana kanka in suka ƙi amincewa.

Ciwo na biyu shi ne zafi, kuma a nan ya kamata ɗan Kebbi ya fi tsayawa. Daga Maris zuwa Mayu rana tana haura digiri 40, kana tafe da AC a kunne da iyali da kaya a but. Wata-famfo na wannan inji yana yawan fara tsiyaya in ya tsufa. Ka buɗe bonet da safe ka haska gefen da fanbel yake, in ka ga wani busasshen abu ruwan hoda ya kama jikin famfon kamar gishiri, ko ya fantsama a cikin bonet, ya fara. Ruwa na raguwa kaɗan-kaɗan, wata rana tsakanin Jega da Koko allurar zafi ta tashi, ba wurin tsayawa mai kwanciyar hankali, sai mutum ya ce bari in lallaɓa zuwa gari na gaba. Wannan lallaɓawar ta minti goma ita ke ƙona gasket, ta lanƙwasa kan silinda, domin na alminiyom ne. Kamfanin garanti, in ya yi kirki, zai biya famfo. Gasket da kan silinda kuwa zai nuna maka inda aka rubuta cewa ba ya biyan ɓarnar da ta biyo bayan ci gaba da tuƙi a kan zafi. An biya ƙarami an bar maka babba.

Sai kuma abin da bakanikenmu suka saba yi wa mota da zarar ta shigo. A cire tamostat a ce ta ƙasar sanyi ce, rewaya ya haɗa fanka kai tsaye, a zuba ruwan rijiya ko na bohol a lagireto, a zuba baƙin mai 20W-50 a injin da aka rubuta 5W-20 a murfinsa, wani lokaci ma an fasa indomi ta salansa, wato matatar hayaƙi, an kwashe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ishe su hujjar soke yarjejeniya, domin an sauya motar daga yadda aka ƙera ta. Ka duba motarka ka ƙirga guda nawa aka riga aka yi mata. Za kuma su nemi rasit na kowane sabis, da kwanan wata da lambar mita. A gaya mini garejin da ke ba da wannan a garuruwanmu in ba kai ka matsa ba.

In duk da haka ranka na so, ka karɓi cikakkiyar takardar ka tafi da ita gida, kada ka yarda da bayanin baki ko 'yar takardar talla. Ka nemo jerin kayan da suka lissafa da suna. Kalmar "inji" kaɗai ba ta wadatar ba, domin wasu suna nufin ƙarafan ciki da mai ke wankewa ne kurum, ban da gasket, ban da sil, ban da kwayil da nozul da birenbos da na'urorin da ke kai masa saƙo. A giyabos ka tambaya ko solenoyid da balb-bodi suna ciki, don su ne suka fi lalacewa kafin giyar kanta. Ka nemi iyakar abin da za su biya a gyara ɗaya da kuma a shekara, da kason da kai za ka fara biya kowane zuwa, da kwanakin jira kafin garantin ya fara aiki. Ka tambaya sabon kaya za su sa ko na Beljiyam, kuma wa ke zaɓa.

Tambayar da ta fi duka a wurinka ita ce ina garejinsu yake. In sun ce sai Abuja ko Kano ko Legas, to lissafi ya rushe. Mota ta mutu a Argungu ko Zuru, sai an nemi izininsu kafin kowa ya sa sifana, sai an jira mai dubawa, sai an ɗauki janwe na ɗaruruwan kilomita, kuma galibi janwen na kanka ko suna biyan ɗan gajeren zango ne kawai. Ko da Sakkwato ce, mako biyu ba mota ga mai zuwa aiki da kai yara makaranta asara ce da ba a rubuta ta a takarda. Idan kana ɗaukar fasinja ko da jefi-jefi, ka faɗa musu tun farko, don yawancinsu sun cire motar haya. Ka duba rajistar kamfanin a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka tambaye su wane kamfanin inshora mai lasisin NAICOM ne ke tsaya musu in sun gaza biya. In suka yi ta kewaye-kewaye a nan, ka tashi. Akwai hukumar FCCPC ta kare haƙƙin masu saye da za ka iya kai wa ƙara, amma ƙarar da kake bi daga Birnin Kebbi motarka na kan dutse ba abin so ba ce.

Ga lissafin a fili. A ce iyakar biyansu 500,000 ne, kai ka ba da 300,000. Mafi yawan abin da za ka amfana 200,000 ne, kafin a cire kasonka da janwe, kuma sai in abin da ya lalace yana cikin jeri, sai in sun amince. In shekara ta wuce lafiya kuɗin sun tafi. Wannan rashin tabbas ɗin ne ma ya sa malamai da dama suke da magana a kan garantin da ake saye daban da kaya, saɓanin wanda ya zo cikin cinikin tun asali, don haka in abin ya dame ka ka tambayi malamin da ka amince da shi kafin ka sa hannu.

Abin da nake ganin ya fi shi ne ka raba kuɗin nan biyu. Kaso ɗaya ka san ainihin lafiyar motar ka toshe ƙofofin da babbar ɓarna ke shigowa, ragowar ka ajiye a asusu daban, kana ƙara wani abu duk wata, ba a taɓawa sai don mota.

Gwajin shan mai kai ma za ka iya. A wuri mai daidai, bayan an kashe inji da minti biyar, ka cika baƙin mai zuwa ɗigon sama na geji, ka rubuta lambar mita. Bayan kilomita 1,000 ka sake dubawa a wuri ɗaya. Tsakanin ɗigon sama da na ƙasa kusan lita ɗaya ne. Ma'aunin da Toyota ta yi aiki da shi shi ne kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato wajen kilomita 1,900. In taka ta sha rabin tazarar a kilomita 1,000, tana kan iyaka. Irin wannan injin yana iya yin shekaru yana aiki muddin ba a bar shi ya bushe ba, sai dai ka riƙa duba geji duk shan fetur na biyu, galan ɗin ciko na but. Injin yana ɗaukar lita 4.3 da filta, kuma da ƙurar hunturu irin tamu kada ka wuce kilomita 5,000 ba ka juye ba, filtar iska kuma a duba ta kowane sabis.

Sannan ka sa a auna kwamfireshan na silinda huɗun da inji a ɗumi. Kada ɗaya ya gaza 142 a ma'aunin psi, kuma kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Da safe kafin a tayar, a buɗe murfin lagireto, a tayar a duba: kumfa mai tasowa ba tsayawa alamar gasket ce. Kada a taɓa buɗe murfin nan da zafi. A juya murfin baƙin mai, in akwai abu kamar madara a jikinsa ruwa na shiga. A sa kwamfuta a karanta, kuma ka ce mai sikanin ya nuna maka lambobin kafin ya goge: P0300 zuwa P0304 na nufin silinda na tsallake wuta, galibi fulogi ko kwayil, P0171 iska ta yi yawa ko fetur bai isa ba, P0420 kuma indomi ce.

Ɓangaren sanyaya inji kada ka yi masa rowa. A mayar da tamostat in an cire, a mayar da fanka kan tsarinta, a wanke lagireto, a canza murfinsa da duk tiyon da ya kumbura ko ya yi tauri, a canza wata-famfo in ya nuna wancan ruwan hoda, a zuba kulant na gaske. Ruwan rijiya yana barin farar ƙasa a cikin bututun lagireto kamar yadda yake yi wa butar shayi, kuma yana cin alminiyom.

Giyabos kuma man Toyota WS yake sha, ba kowane jan mai ba. A ɗiga shi a farar takarda. Ja ko ruwan ƙasa mai haske, a juye ta ƙasa a mayar da daidai abin da ya fita, wajen lita uku da rabi. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, kada a yarda a wanke giyar da injin matsi, domin dattin da aka tayar yana iya toshe ƙananan hanyoyin mai, giyar da ke lallaɓawa ta tsaya gaba ɗaya. A juye a hankali sau biyu ko uku, da tazarar 'yan ɗaruruwan kilomita.

Akwai garanti ɗaya da nake goyon baya ɗari bisa ɗari, kuma ba a biyan kuɗinsa daban. In gwajin nan ya nuna injin ya gaji har za ka sayi na Beljiyam, ko giyabos, kada ka biya sai mai kaya ya rubuta a rasit lambar injin, da kwanakin gwaji da kuka yi yarjejeniya, da cewa zai canza ko ya mayar da kuɗi in yana hayaƙi ko ƙwanƙwasa ko shan mai. Ka sa a rubuta cewa kwanakin suna farawa daga ranar da aka ɗaura aka tayar, ba ranar da aka loda shi a mota daga Kano ko Legas ba, kuma ka bar alamar fentin da suka sa a kan notuna yadda take har kwanakin su cika.