Likita ya ce ku koma gida da Baba, shikenan?

Ɗan'uwa sannu, Allah ya ba Baba sauƙi. Ka ce kansar ta bazu a jikinsa, likita ya ce ku koma gida, ga ciwo ya hana shi barci, kana tambaya ko yanzu sai jira kawai. A'a wallahi. Warkewa ce ta gagara, rage masa raɗaɗi kuwa hakkinsa ne.

Ka koma asibitin ka ce a haɗa ku da masu kula da raɗaɗi da marasa lafiyar da cutarsu ba ta warkewa, ka tambaya kai tsaye ko za a rubuta masa morfin na sha, wato maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin rage raɗaɗin kansa, kuma ana ba da morfin ɗin ne kan lokaci, yawanci duk awa 4, ba sai ciwon ya taso yana nishi ba. Mutanenmu na tsoron wai zai gaggauta ajali ko ya mai da dattijo ɗan ƙwaya, in likita ne ya auna ba haka abin yake ba. Yana dai sa taurin bayan gida, ku karɓo maganin hakan tare. Don Allah kar ku sayo tramol a kemis kuna ƙara masa da ka.

A gida kuma ku riƙa juya shi duk awa 2 saboda gyambon kwanciya, in ya ƙi abinci kar a yi masa ɗura, a jiƙa masa leɓe da ruwa. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne a cika ɗaki da 'yan dubiya ana maganarsa kamar baya wurin, alhali yana ji. A suturta shi wajen wanka, a taimaka masa da taimama ya yi sallarsa a kwance, sannan ku tambaye shi da bakinsa wa yake son gani, akwai bashi ko wasiyya.