Kafin ka musanya katin RAID, ka fara duba batirinsa

Ɗana, ka tambaye ni game da sabar ofishin nan na kusa da babbar kasuwar Garwa, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanansu, wadda ta fara nawa tun makon jiya kuma take nuna cewa katin RAID ɗinta, wato katin da ke haɗa faifanta su yi aiki tare yana kuma sarrafa su, yana da matsala, ko ya dace ka aika Duwala a sayo sabo. Amsata ita ce kada ka aika tukuna, domin sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau, batirin da ke maƙale da shi ne ya gaji.

Katuna irin su PERC na Dell, da Smart Array na HP, da MegaRAID, suna da ƙaramar ma'ajiya inda suke riƙe bayanai na ɗan lokaci kafin su rubuta su a kan faifai, batirin kuwa shi ne ke tsare abin da ke cikinta idan aka ɗauke wuta. Da zarar kati ya ga batirin ya yi rauni, sai ya daina dogara da ma'ajiyar, ya koma rubutu kai tsaye a kan faifai, wannan ne nawar da mutanen ofishin suke kuka da ita. A zafin Garwa na Maris da Afrilu, lokacin da ake wuce digiri 40, batirin litiyam ba ya daɗewa a ɗakin da na'urar sanyaya iska ba ta aiki. Ka kashe sabar yadda ya kamata, ka buɗe murfin, ka dubi batirin da idonka. Idan ya kumbura har ledarsa ta tashi, ka sami mai laifin, kuma kuɗinsa bai kai na kati ba ko kusa. Wasu sababbin katuna sun bar batir sun koma kafasita, wato wata 'yar na'ura mai riƙe wuta na ɗan lokaci, ita ma takan mutu, ana kuma canza ta ita kaɗai.

Idan har ya tabbata katin ne, to aikin farko shi ne kwafe bayanai zuwa wani wuri in sabar tana tashi. Tsarin haɗa faifai da ake kira RAID 5 yana jure mutuwar faifai 1 ne kawai, RAID 6 yana jure 2, amma babu ɗayansu da ke jure kuskuren hannun mai gyara. Sai ka manna lamba a kan kowace waya da kowane faifai kafin ka zare komai, ka ɗaura igiyar nan ta wuyan hannu da ke sauke wutar jiki, musamman yanzu da hunturu ya busar da iska. Sabon katin ya kasance dangin tsohon, manhajar cikinsa kuma ta yi daidai da ta tsohon ko ta fi ta sabunta.

Inda nake so ka natsu shi ne lokacin kunnawa. Tsarin yadda aka haɗa faifan a rubuce yake a jikin faifan kansu, don haka idan PERC ne ko MegaRAID, sabon kati zai ce ya ga baƙon tsari, ya ba ka zaɓi biyu, Import, wato ya karɓi tsarin, ko Clear, wato ya goge shi. Na farkon ne naka. Shekarun baya, a wani ofishi a Ngaundere, ina cikin gaggawa ana tsaye a kaina, na danna na biyun. Kwana uku na yi ina sake gina tsarin da hannu daga abin da na rubuta a takarda, ban bari kati ya share bayanan da ke kan faifan ba, kuma da ban rubuta jerin faifan da girman yankan da ake rarraba bayanai a kansu ba, da albashin ma'aikatan wurin ya tafi.

A manyan akwatunan ajiya masu kati biyu, ana iya zare wanda ya lalace wuta na kunne, saboda ɗan'uwansa ya karɓi aikin, sai dai dole ka tabbatar da hakan a manhajar kula da akwatin, ka kuma gane marar lafiyar ta lambarsa da fitilarsa mai ruwan ɗorawa, domin idan ka zare mai lafiyar komai zai tsaya nan take.

Gobe da safe ka ɗauko mini hoton takardar da ke manne a jikin katin da na batirin, tare da rahoton kurakuran da katin ya ajiye, mu duba tare kafin a kashe ko jaka ɗaya.