Inabin Turai da na sababbin ƙasashe: amsoshin wasiƙun manoma

Wani manomi daga Kudan ya rubuto cewa ɗan'uwansa ya kawo masa reshen inabi daga Faransa. Ya dasa, ya yi 'ya'ya, amma ƙanana ne, ga kaurin ɓawo, ga ƙwallo, ga bauri. Yana tambaya ko taki ne bai isa ba.

Malam, ba taki ba ne. Alamu sun nuna inabin giya aka kawo maka, ba na ci ba. Masu giya ƙananan 'ya'ya suke so, domin launi a ɓawo yake, baurin kuma a ɓawo da ƙwallo. A tsofaffin gonakin Faransa, Italiya da Sifaniya, ana barin kurangar ta sha wahala da gangan. Akwai gonaki a yankin Burgundi na Faransa da ake cusa tushe 10,000 a hekta ɗaya, kuma tun shekarun 1930 dokar Faransa ta ƙayyade irin da za a shuka a kowane yanki da yawan abin da za a girba, ban ruwa ma an taƙaita shi. Ga sanyi kuma a yankuna da dama, sai inabin ya nuna a hankali, tsami ya yi yawa, sukari kaɗan. Shi ya sa giyarsu take da tsami da bauri, ƙarfinta yakan tsaya wajen kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari, kuma sunan wuri ake rubutawa a kwalbar. A sababbin ƙasashen noman inabi, kamar Kalifoniya, Chile, Ostireliya da Afirka ta Kudu, rana ta fi yawa, ana ban ruwa na ɗigo, ana ba tushe tazara don tarakta ta wuce. Inabi yakan tara sukari sosai, giyar ta fito da ƙamshin 'ya'yan itace, ƙarfinta ya kai 14 ko 15, kuma sunan irin suke sa wa, kamar Shiraz ko Chardonnay. Mu namu na ci ne, kasuwarmu manyan 'ya'ya masu zaƙi take nema. Sare shi ka yi masa aure da irin ci, ko ka tuge.

Mai tambaya daga Bichi: ko zai bi kalandar Turai wajen datse rassa? A'a. Can sanyi ne yake sa kuranga barci, nan ba ta barci sai ka tilasta mata. Bi tsarin manoman Nashik a Indiya, datsa sau biyu: ɗaya bayan girbi, ka bar ido ɗaya ko biyu don ta yi sababbin rassa, ɗaya kuma a ƙarshen damina don 'ya'ya, su nuna cikin rani bayan kimanin wata huɗu.

Wasiƙu uku kuma duk magana ɗaya: ganye ya yi tabo rawaya kamar an ɗiga mai, ƙarƙashinsa farin gashi-gashi, an sayi maganin ƙwari mai tsada an fesa, ba sauyi. To ina sauyi zai fito? Wannan funfuna ce, ba ƙwaro ba, kuma kowace damina sai na maimaita. Daga Amurka cutar ta shiga Faransa a 1878, kuma a 1885 wani masanin tsirrai mai suna Millardet ya fitar da maganinta a yankin Bordo, wanda har yau ake amfani da shi. Haɗin ba wuya. Kilo 1 na kofa salfet, shuɗin gishirin nan, da kilo 1 na laim (farin garin da ake shafe bango da shi, ba lemo ba) wanda aka jiƙa, a ruwa lita 100. Idan famfonka mai lita 20 ne, giram 200 kowanne. Narka kowanne daban a rabin ruwan, cikin robar roba ko tukunyar ƙasa, kada ka kuskura ka sa a bokitin ƙarfe, zai cinye shi. Sannan ka zuba shuɗin a cikin ruwan laim kana juyawa. Tsoma sabuwar ƙusa na minti ɗaya ko biyu: idan ta fito da ja-ja, laim bai isa ba, ƙara, in ba haka ba zai ƙone ganye. Tace da ƙyalle don kada ya toshe bakin famfo, ka fesa a ranar, ba ya kwana.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne fesa saman ganye. Ta ƙasa cutar take shiga, don haka juya bakin famfon sama. Maganin rigakafi ne, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu, saboda haka a fara tun ruwan farko, a maimaita duk kwana 10 zuwa 14, ko bayan ruwa mai ƙarfi ya wanke. A dakata lokacin fure. Kuma duk wanda ya bar rumfarsa ta cushe iska ba ta ratsawa, ko ya juye mata yuriya tsakiyar Agusta, shi ya gayyato cutar da kansa. Rage ganye, kwashe wanda ya zube ka ƙone.

Mai tambaya kan farin gari a saman ganye da 'ya'ya lokacin hunturu: wannan wata funfunar ce daban, farar wuta ce maganinta. Fesa da sassafe ko da yamma, kada ka fesa idan zafi ya wuce digiri 32.