Batir ba ya caji, allura kuma ta kwanta

Tambaya: Malam, ni masunci ne a Dadin Kowa. Injin kwale-kwalena ya daina cajin batir, allurar agogon da ke nuna gudun inji ma sai ta yi rawa ta kwanta. Agogo zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Ciwo ɗaya ne. A yawancin injinan nan, agogon daga wutar koyil (naɗin waya) da ke ƙarƙashin filawil (faifan da ke juyawa a saman inji) yake samun sigina, wutar da wata 'yar na'ura mai suna rektifaya ke juyawa ta cika batir. In rektifaya ta ƙone, su biyun kan tafi tare.

Ɗora mitar awon wuta a kan batir. Inji a kashe, ka ga kamar volt 12.6, in ka tayar ka ba shi wuta, ya kamata ya haura 13. In bai motsa ba, duba wayoyin koyil da rektifaya.

Amma fara da kan batir. Kwanan baya aka kawo min wani inji, tasha, wato kan batir inda ake ɗaure waya, ta yi kore shar da tsatsa, noti na juyawa da yatsa. Wannan sakin shi ke kashe rektifaya. Kankare, ka ɗaure da sifana. Kuma don Allah kada ka cire wayar batir inji na aiki.