Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan na'urar busawa a mota

Wallahi 'yar'uwa da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce an kama maigidanki karo na biyu yana tuƙi a buge, lauya ya ce za a sa masa na'urar nan da sai an busa kafin mota ta tashi, kina son sanin ko ke ma za ta shafe ki. Za ta shafe ki. Ni da ban taɓa kai giya bakina ba, shekara guda cur ina busa abin nan.

A nan New York, tun Agustan 2010 ko kamun farko ne ana sakawa. Dokar Leandra suke ce mata, sunan wata yarinya 'yar shekara 11 da ta rasu a 2009 a motar wata mata da ta sha. Kamu na biyu cikin shekara 10 kuwa babban laifi ne, lasisi ma sai an karɓe aƙalla shekara ɗaya. Kuma duk motar da ya mallaka ko yake tuƙawa sai an sa mata. Mu mota ɗaya gare mu, da sunan maigidana.

Ba a gaya min cewa ko kina cikin tafiya tana sake neman a busa ba. Ranar ƙaramar Sallah na ɗauko mata biyu daga masallaci. Na riga su shiga, na busa a ɓoye, na rufe ta da mayafi. Ko titi uku ba mu wuce ba ta fara ƙara. Na yi kamar ban ji ba, ta ƙi yin shiru. Haka na ciro ta a gabansu, da sabon leshina, yara na baya. Ɗayar ta ce, "Maman yara, asma gare ki?" Alhali ta sani sarai, mijinta direban tasi ne. Kafin la'asar magana ta kai gida wajen surukata, wai ni ce na sa shi damuwa har ya faɗa shaye-shaye. Ni! Matar nan har yau muna gaisawa, amma Allah ya isa.

Abin da zan roƙe ki, kada ki taɓa busa masa. Zai lallaɓa ki, nawa har kuka ya yi. Tamu akwai kyamara a jikinta, kuma laifi ne a kanki ke kanki. Da na ƙi ne ma ya fara zuwa wajen masu taimakon barin sha.

Kada ki wanke baki da ruwan kurkure baki na kanti ki busa nan take, da yawansu akwai barasa a ciki. Na'urar barasa take aunawa a numfashi, a 0.025 take hana mota tashi, ba 0.08 na 'yan sanda ba. Ki kurkure da ruwa zalla, ki ɗan jira. Komai tana rubutawa, kuma da sunansa zai tafi.

Kuɗin sakawa da na wata-wata ku za ku biya, amma akwai takardar da ake cikewa a nemi alƙali ya rage, ki sa lauyan ya nema tun kafin hukunci. In takardunsa na zama ba su kammala ba, ku ga lauyan shige da fice kafin ya amsa laifin komai a kotu. Inshora kam za ta hau, ki shirya.

Su yaran fa, sun sani? Ni babbar ta gane da kanta, na so a ce daga bakina ta ji.